Maifai a Rugar Goggo

Ba don Inna na sayi maifai ba, don kaina na saya. A lokacin ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi a Bosso, ina kuma taɓa sayar da atamfa da mayafai ta waya: in ɗauki hoto, in tura wa mata su zaɓa. To gidanmu na Tudun Fulani a kwari yake, sabis ba ya shiga ɗakunanmu ko za ki yi kuka. Sai kin fito tsakar gida kin ɗaga waya sama kina zagaye, hoto ɗaya ya yi ta juyi ya ƙi tafiya, mai sayen kuma ta gaji da jira ta koma wajen wata. Wata malama 'yar Bida da muke aiki tare ita ta ga wahalar ta ishe ni. Ta buɗe jakarta ta nuna mini abin da take yawo da shi, ta ce, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, in je in sayi irinsa in huta.

'Yar baƙar aba ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ana sa mata layi irin na waya, a yi mata caji, sai ta jawo intanet ta raba wa duk wayar da ke kusa da ita, in dai an ba ki lambar sirri. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba sai tana hannunki ba. Ita za ta je neman sabis, ke kina zaune da wayarki. Na cusa ta a tsohuwar safa, na rataye ta can sama a ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwanmu, na koma ɗaki na kwanta a gado na tura hotuna, suka tafi fit. Wallahi ranar sai da na yi guɗa ni kaɗai. Daga nan ta zama 'yar rakiyata. Ta shiga keke da ni zuwa makaranta, ta je Kpakungu wajen telata, ta je gidajen biki. A ɗauke wuta, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, ita tana nan tana aikinta da 'yar fitilarta koriya. Matan maƙwabta ma sai suka tsiri yawan zuwa gaishe da Inna, kowacce da waya a hannu, su zauna gindin tanki su manta da wadda suka zo gaisarwa. Na bar su suka sha na ɗan lokaci, sannan na sauya lambar, gaisuwa ta ragu.

Amma wanda ya fi kowa jin daɗin zuwanta gidanmu shi ne Hamma, babban yayanmu. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, tsakaninmu akwai rata mai yawa. Mu Fulani ne da suka zauna a gari, amma Inna a ruga aka haife ta, kuma ta zo da fulakonta cikakke, ko ƙwarzane babu. Ana yaye Hamma aka kai shi ruga wajen Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta raine shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a danginmu. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ita Adda take kiran Goggo, don haka shi kuma ɗan Adda take ce masa, in ma ta kama dole ta ambace shi. Da ya girma ya dawo gari karatu, in ya shigo gaishe ta sai ya durƙusa daga bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Na tashi na tarar da haka, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu Hamma ya tafi wata ƙasar Larabawa yana tuƙa tankar ruwa. Ina sakandare ya tafi, har na gama karatu na fara koyarwa bai dawo ba. Da murya kawai muke ji, ita ma a gutsuttsure. Da maifai ta zo sai muka koma kiran bidiyo duk ranar Juma'a da yamma, ranar hutunsa ke nan. Gida kaf a taru a kan tabarma ana ture juna, kowa na so ya sa fuskarsa. Inna kuwa da ta ji wayar ta fara ƙara sai ta ɗauki fai-fanta na wake ta koma bakin kicin, ta ba mu baya, ta hau tsinta. In an kusa gamawa Hamma ya ce a gaishe da mutanen gida. Ita kuma, ba tare da ta juyo ba, ta ce mini in ce suna amsawa. Iyakarta ke nan, kowace Juma'a.

Sai dai tun daga ranar Alhamis take fara tambayata ko an yi wa 'yar baƙar nan caji. Haka ta raɗa mata. In an kwana biyu ba wuta, ita ce za ta matsa mini in kai ta shago a sa mata. Ta gane fitilun tun kafin in koya mata: kore lafiya lau, ja kuwa an shiga matsala. Na sha fitowa in same ta tsaye gindin tanki ta ɗaga kai tana dubawa. In na tambaya sai ta ce ai don kada cinikina ya lalace ne. Ni kuma in ce to, Allah ya saka, cinikin Juma'a ne kawai yake damunki. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ana nan sai Inna ta fara tuntuɓe da bokiti a tsakar gidan da ta share shekara da shekaru. Ta zuba ruwa a gefen kofi. Mutum ya tsaya a gefenta sai ya yi magana ta san yana nan. Ta yi ta ɓoyewa, ni kuma ba a ɓoye mini abu, na tasa ta gaba muka je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiya, tana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma kullum bututun tsukewa yake. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudu amma abin da ya tafi ba ya dawowa. A cikin keke muna dawowa Inna ta ce kada in kuskura in gaya wa ɗan Adda. Muna isa gida na shiga ɗaki na gaya masa.

Ta cikin wayar na ji yana jan hanci. Ya nemi hanyar zuwa, ba yadda bai yi ba. Takardunsa sun rikice, in ya fito babu komawa, kuma gidan nan kaf, har da maganin idon, a wuyansa yake. Aka yi ta ce masa ya jira a gyara. To shi zai iya jira, idon Inna ne ba zai jira ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, ya hana ni sakat: matar nan rabonta da fuskar ɗanta tun yana saurayi, ita ma ɗin a sace take kallo, ga fuskar tana zuwa har tsakar gidanta duk mako a tafin hannuna, ita kuma ta ba ta baya tana tsintar waken da ba ta ma gani sosai.

Wata Juma'a na kasa daurewa. Ana cikin hira na tashi da wayar, na zagaya bakin kicin, na kafa mata ita a gaban fuska, na ce ga shi nan, ki dube shi. Ta runtse ido gam, ta miƙe, wake ya watse, ta lallaɓa bango ta shige ɗaki. Hamma ya kashe kiran. Daga baya ya kira ni ya wanke ni tas, wai na kunyata ta na kunyata shi a gaban yara. Haushinsu su biyun ya cika ni, har yau kuma in na tuna sai na ji ɗan sauransa. Na bi Inna ɗaki na tsaya a kanta.

"Inna, fulakon nan ba zai dawo miki da ido ba. In ya rufe ya rufe ke nan."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ce, "Ke auta ce. Kowa ya ɗauke ki a gaban kowa ya yi miki rawa. Ba ki san komai ba."

Ta yi kwanaki ba ta kula ni sai abin da ya zama dole. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, aka koma gidan jiya, ita da fai-fanta da bayanta. Na haƙura ba don na yarda ba, don dai na rasa ta yi. Kullum da safe ni ke ɗiga mata magani, in buɗe idon da yatsa in ga yana kallona, in ji kamar in yi ihu.

Damina ta yi nisa, ranar wata Laraba ina guga, Inna ta zauna kusa da ni ta fara magana tana gyara bakin zane. Ta ce Adda ta tsufa, ba ta iya shigowa gari, kuma tun da ɗanta ya tafi ba ta sa shi a ido ba, abin bai kamata ba. Ta ce mu ɗauki 'yar baƙar nan mu kai mata jibi ta ga ɗanta, mu samu lada. Na ce rugar Goggo ko kira ba ya shiga, balle bidiyo, wahala kawai za mu sha a taɓo. Ta ce ba ni ce na ce ita 'yar baƙar ake ɗagawa sama ta nemo ba? Na yi ta mita, ni a zatona Goggon ce da gaske. Sai da safiyar Juma'a na ga Inna ta fito da zanen da take zuwa idi, ta kuma ce in ɗiga mata maganin tun kafin lokacinsa ya yi, sannan jikina ya ba ni. Ba Goggo za a kai wa Hamma ba. Inna ce ta nemo hanyar da za ta ga ɗanta ba tare da an ce ta kalle shi ba. Na kama bakina, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na dai tura wa Hamma saƙo cewa yau daga ruga za mu kira.

Muka hau mota zuwa wajen Beji, daga nan babura suka shiga da mu daji, taɓo na fallatsa mana har gwiwa. Maifai na ƙulle a bakin mayafin Inna, ta ƙi ba ni in sa a jaka. Mun tarar maza sun fita da shanu, ruga ta yi tsit sai 'yan maruƙa da ƙudaje. Goggo na zaune bakin bukkarta, ta ƙanƙance ta zama 'yar mitsitsiya, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Na gaishe ta da Fulatancina na 'yan gari, ta ce in yi mata rai in koma Hausa kafin maruƙa su yi mini dariya. Ta sa aka dama mana fura da nonon safe. Inna ta gaya mata abin da ya kawo mu. Goggo ta dube ta, ta dubi zanen idin, ta daɗe tana kallon idon nan na dama, sannan ta ce madalla, ta gode, dama tana kewar yaronta.

Na kunna maifai, fitila ta nuna ja. Na zagaya bayan bukka, ja. Na je wajen turken maruƙa, na hau turmi, duk ja. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, iska na kaɗa ciyawa. Goggo ta nuna mini wani babban suri a gefen ruga, ta ce can maza ke hawa in za su kira 'yan kasuwar shanu, wani lokaci a dace wani lokaci a sauko haka. Na hau, jan bai sauya ba. Sai idona ya faɗa kan doguwar gorar da suke kaɗo wa shanu ganye da ita lokacin rani, tana jingine a bishiya. Na cusa maifai a safarta, na ɗaure a kan gorar da igiyar ɗaure maraƙi, na sake hawa surin na ɗaga ta iya tsawon hannuna. Daga ƙasa ba na hango fitilar, sai na duba wayata. Saƙonnin da suka maƙale tun safe suka fara shigowa suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Na ce Allah ya yi miki albarka, 'yar baƙa, da ƙarfi na faɗa, ban ji kunyar kowa ba.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin surin. Na tokare gorar da ƙirjina, na kira Hamma da hannu ɗaya, na miƙa wa Goggo wayar, na koma na riƙe gorar da hannu biyu. In na ɗan sassauta sai muryarsa ta fara sarƙewa, don haka ba halin motsi.

Goggo ta ga ɗanta. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, ta yi dariya, ta yi kuka, ta zage shi don ya daɗe, ta ba shi labarin wace saniya ta haihu wacce aka sayar. Shi ma yana ta dariya. Inna na zaune a bayanta, ta karkata kai gefe kamar mai kallon daji. Daga sama ina ganin komai. Tana ɗan matsowa, tana juya kai a hankali tana neman wayar da ɗan abin da ya rage mata na gani, amma hannun Goggo rawa yake, wayar ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma ta yi mata nisa. Ta nema ta rasa, ta sake nema. Aka yi tsawa can nesa. Kafaɗuna suka fara zafi, maganar da ke bakina kuma ta fi su zafi, na cije.

Sai Goggo ta yi tsaki ta ce hannunta ya mutu, wannan abu nauyi gare shi. Ta miƙa wa Inna wayar ta baya ba tare da ta juyo ba.

"Ke, riƙe mini. Ni kunne ya ishe ni, ki dai riƙe shi da kyau."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Aikin Adda ne aka sa ta, ba wanda zai ce wani abu. Ta kawo wayar dab da idonta na dama, har ta kusa taɓa hancinta. Muryar Hamma, da ke tsakiyar ba da labarin zafin ƙasar da yake, ta ɗauke ɗif. Na zaci sabis ne, na ƙara miƙewa a kan yatsun ƙafa. Ashe ba sabis ba ne. Fuskar mahaifiyarsa ce ta cika masa waya, shi kuma jikinsa ya yi abin da ya saba tun yana yaro, ya sunkuyar da kai. Ya san zancen idon sarai, ya san abin da ya kawo mu, amma wuyan ya riga shi.

Inna ta jira. Sannan a hankali ta ce, "Adda, abin nan ya lalace. Hula kawai yake nunawa."

Ni da ke saman suri na ji hawaye ya zubo mini, ba hannun sharewa. Goggo ta matso bakinta kusa da wayar.

"Kai, ɗaga kanka. Da ni kake magana. Ni na goya ka, ni na yi maka wanka, yau ne za ka sunkuyar mini da kai? Ɗaga in gan ka."

Ya ɗaga. Na san ya ɗaga don na ga bayan Inna ya miƙe. Goggo ma da bakinta ba ya hutawa ta koma wasa da bakin tabarma. Yayyafi ya fara sauka a fuskata, gorar na lilo a iska, ina ta addu'a a zuci kada hoton ya tsaya ko ya dushe. Bai tsaya ba. Abar nan da ba ta fi sabulu ba, a cikin tsohuwar safa, a kan gorar shanu, a dajin da kira ma ba ya shiga, ta riƙe mana shi garau har Inna ta gama. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, na dai san kafaɗuna sun yi kwanaki suna tuna mini.

Inna ce ta fara magana, kuma da Goggo ta yi.

"Adda, ɗanki ya yi furfura a gemu."

Goggo ta tambaye ta ko ya rame. Ta ce bai rame ba, goshin ƙaninki ne da shi sak, har wannan layin na tsakiya. Daga cikin wayar na ji Hamma ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, a gaishe da mutanen gida. Inna ta ce wa Goggo ta ce suna amsawa. Sai ruwan ya kece gaba ɗaya, na sauke gorar, kiran ya yanke, muka ruga bukka.

Da ruwa ya tsagaita muka kama hanya. A kan babur ban lura ba, sai da muka shiga mota na ga idanun Inna a rufe. Muka wuce Maikunkele suna rufe. Na zaci barci ne, ko kuma ciwon ne ya tashi, na taɓa ta na tambaya ko idon ke damunta. Ta girgiza kai, ba ta buɗe ba.

"Ƙyale ni in adana shi tukuna," ta ce. "Kada in ga wani abu ya hau kansa."

Haka na riƙo hannunta daga bakin titi har cikin ɗakinta, idanunta a rufe. Kafin a gama girbin wannan shekarar idon dama ya ƙarasa tafiya.